Yatsan da Na Dangwala Saboda Zani

Thnot Pram,
saura mako uku Sabuwar Shekara.

Zuwa ga yayana, Bong Vibol,

Na haɗa tafukana biyu na ɗaga su har goshi ina gaishe ka, gaisuwar ƙanwa ga yayanta da ya shekara takwas bai sha ruwan rijiyar gidansu ba. Ina roƙa maka tsawon rai da hasken fuska da kwanciyar hankali da ƙarfin jiki, albarkar Buddha da ladan kakanninmu su yi maka inuwa duk inda ka sa ƙafa. Ina fata sanyin Koriya ya fara sassauci, kuma tarin nan da na ji a muryarka ya tafi. Kada ka ce min ba komai, na san halinka, tun muna yara sai ciwo ya kai ka ƙasa kake yarda ba ka da lafiya. Ka riƙa shan ruwan citta da zuma, ka kuma daina shiga rumfunan gonar nan da jiƙaƙƙiyar safa.

Mae, mahaifiyarmu, tana nan da sauƙi, sai gwiwar nan da ta hana ta hawa tsanin gidanmu da ke bisa ginshiƙai, don haka muka sauko mata da gado ƙarƙashin gida, kusa da murhu. Duk ranar ibada sai ta sa an kai ta haikali da kwanon shinkafa ta zuba wa sufaye, ta ce ladan na jikarta ne. Girbin bana ya yi kyau. Saniyarka mai tabon goshi ta haihu, mace ce. Maigidana Bunthoeun yana nan yana fama da taraktarsa ta hannu, wadda take tashi ranar da ta ga dama. Ni kuwa ina bakin kasuwa da taliyar shinkafata kamar kullum. Ma'aikatan ofishin gunduma sun daina cin tawa tun da abin nan ya faru, sun koma wajen matar nan da miyarta ba ta da maraba da ruwan wankin kifi. Cikinsu ne ya yi asara.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Hutun Narith ɗan gidan maƙeri ya ƙare, jibi zai koma gonarku, shi ya sa na ba shi hannu da hannu. Akwai maganar da ba a yin ta a waya yanzu, bango ma kunne gare shi balle ƙarfen aljihu. Kuma in faɗi gaskiya, gudun muryarka nake yi. Sau uku ka aiko min da saƙon murya, duka ukun magana ɗaya ce: in je kurkuku in faɗa wa 'yarka Leakhena cewa ubanta ya ce ta dangwala yatsa a takardar neman afuwar da suka kai mata, ta fito, ta koma masana'antar ɗinkinta, ta ja bakinta ta yi shiru. Ka ce ƙwai ba ya ja da dutse. Na ji, na kuma san tsoro ne ya sa ka, tsoron uban da ke nesa, wanda ba shi da abin yi sai kallon waya. Amma rabin labarin ka sani, wanda maƙwabta suka tsakuro maka. Ka zauna ka karanta sauran, sannan ka yi fushin da za ka yi, don akwai abin fushi a ƙarshe, ba zan ɓoye maka ba.

Ka tuna Phalla, 'yar marigayi mai kwale-kwalen fito, wadda ta auri ɗan wan shugaban gunduma. Sau uku mutumin nan yana yi mata dukan kawo wuƙa, sau uku ana kai su ofis a yi abin da suke kira sulhu. Ka san yadda ake yi. A zaunar da su a benci, shugaba ya ce kwanukan da ke kwando ɗaya ba sa rasa gogar juna, miji ya dangwala cewa ba zai ƙara ba, ita ma ta dangwala cewa ta yafe, kowa ya kama gabansa. A karo na huɗu, tsakiyar damina, ya karya mata hannu ya fasa mata kunne. Leakhena ce ta ji ihun tana dawowa daga aiki, ta shiga ta same shi da itacen a hannu, ta janye Phalla ta ɗora ta a babur sai asibiti. Mu bakwai ne muke taruwa a ƙarƙashin gidan Ming Sokhom, ƙanwar Mae, yau shekara biyu ke nan. Ba mu da ofis, ba mu da hatimi. Aikinmu kawai, in mace za ta je gaban hukuma mu bi ta mu zauna a bayanta, don mun lura tsawar da ake daka wa mace in tana ita kaɗai ta fi wadda ake daka mata in akwai idanu. Mazan kasuwa suna kiran mu 'yan rakiya, mun karɓi sunan hannu biyu. Muka raka Phalla ta shigar da ƙara a kotu, takardar ta yi wata biyu tana barci a aljihun tebur. Shi ne 'yarka, da yardar Phalla, ta ɗauki waya ta yi magana ta minti huɗu ta sa a inda kowa zai gani. Ta nuna karyayyen hannun, ta faɗi ranakun sulhun nan uku, ta tambaya ko doka ma tana da dangi. Ba ta zagi kowa ba, Bong. Kwana takwas bayan bikin kakanni suka je masana'anta suka tafi da ita, wai ta tunzura jama'a.

To ga inda nawa laifin ya shigo. Lauyar da ta karɓi shari'ar Leakhena, Mealea, daga Phnom Penh take, siririya kamar sillen kara amma bakinta reza. Ta zo da kwafin takardun ta baje a tabarmar Ming, ta ce ƙarar ba daga shugaban gunduma ta fito ba, daga mutanen gari ne. Mata hamsin da takwas sun dangwala yatsa cewa maganar Leakhena ta tayar musu da hankali, ta raba kan gari, suna roƙon hukuma ta ɗauki mataki. Na yi tsalle na dire na ce ƙarya ce, a karanto sunayen in ji 'yan baƙin cikin. Ta fara karantowa. Ta goma sha bakwai, Romdul. Ni ɗin nan. Ga sunana, ga jan yatsana kusa da shi, har da ɗan tabon wuƙar da ya ratsa tsakiyarsa. Na daɗe ina kallon takardar kafin abin ya faɗo min. Ana saura kwana huɗu bikin kakanni aka yi shela cewa manya sun aiko wa matan gari da kyauta. Muka yi layi a harabar gunduma cikin rana, kowacce aka ba ta zani kore mai furanni rawaya, da ƙullin farin magi, da kwalbar romon kifi. Kafin mace ta karɓa sai magatakarda ya rubuta sunanta ta dangwala, kamar yadda aka saba a kowane rabo tun muna yara. Shafin ba shi da kai, layuka ne kawai. Wa ya taɓa tambayar kan takardar rabo? Ni da na yi aji shida, ni da nake karanta wa rabin unguwa takardar asibiti, na miƙa yatsa ina ta hira da ta bayana a kan ko zanin zai yi zuba. Ashe kwashe shafukan suka yi suka liƙa musu sabon shafi a gaba. Yarinyar da na goya tun rasuwar uwarta, da yatsana aka rufe ta, a kan zani ɗaya. Kwana biyu ban iya cin abinci ba. A na uku kunyar ta juye ta zama fushi, kuma har yau bai sauka ba.

Mealea ta ce in masu yatsun suka zo suka faɗi yadda aka yi, takardar za ta mutu, sai dai kotu ba za ta saurari mutum hamsin ba, da ƙyar a bar ɗaya. Ming Sokhom ta ce to ai ba sai sun yi magana ba, alƙali yana da ido, kowacce ta ɗaura zanin rabon nan ta zo. Muka raba unguwanni muka shiga gida-gida. Wata tana jin bayani ta fashe da kuka, ta shiga ɗaki ta fito da zanin a ledarsa. Wata ta ce min ita ba ruwanta, 'yarmu ce ta jawo wa kanta, mace mai kunya ba ta baza fuskarta a waya. Na ce mata ai Phalla mai kunya ce, ga shi kunne ɗaya ya rage mata. Matar mai gadin makaranta ta rufe min ƙofa a fuska, ina juyawa sai ga ta ta biyo ni ta bayan ayaba, ta cusa min zanin a kwando, ta ce mijinta aikin gwamnati yake yi, ba za ta iya zuwa ba, amma kada abin nan ya ƙara kwana a ɗakinta. A ƙarshe mu talatin da ɗaya muka ce za mu je da ƙafarmu, goma sha tara suka ba da zani suka ce a yafe musu, takwas suka ce ba su san zancen ba. Ban ga laifin goma sha taran nan ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zannuwan da suka bayar yawancinsu an riga an ɗaura su, wasu har da tabon miya, sai Ming ta ce ba za a kai wa alƙali datti ba. Ta wanke su tas. Da sassafen ranar shari'a ta ɗaura igiya uku daga mangwaronta zuwa shingen maƙwabci, a gicciye bisa lungun nan da ya shigo gidanta, ta shanya. Mu kuma muna bayan gida muna ta gyaran ɗauri, Bunthoeun da abokinsa suna lallashin taraktoci biyu masu amalanke. Sai muka ji ƙarar babura. Chhay ne, shugaban 'yan sandan gunduma, da mutanensa biyu, wai sun zo gayyata ta ofis a yi min 'yan tambayoyi. Ka san irin tambayoyin, sai an tashi daga kotu suke ƙarewa. Ya shigo lungu da saurinsa, sai ya ci birki kamar ya ga maciji. Kai ka fi ni sanin Chhay, tare kuka yi kiwon shanu: guru a ƙugu, zanen tsari daga wuya har cibiya, kuma bokan da ya yi masa aikin ya gindaya masa sharaɗi cewa ranar da ya bi ta ƙarƙashin zanin mace, ranar asirinsa ya karye. Ya tsaya daga can yana daka tsawa a sauke shanya. Ming ta fito da kwanon wanki a ƙugu, ta ce haba ɗan nan, ai kyautar manya ce take shan iska, wa ya isa ya taɓa? Sannan ta ce masa, “Sunkuyo ka shigo mana, Chhay. Ko ba ta ƙarƙashin zani ka fito duniya ba? Ni na riƙe wa uwarka fitila ranar.” Mata suka kwashe da dariya daga bayan gida. Ya ce wa ɗaya daga mutanensa ya je ya tsinke igiya, shi kuwa ya dafe nasa ƙugun ya ce maigida a yi haƙuri, shi ma akwai. Ɗayan ya ɗauko gora zai zunguro, Ming ta ce ya zunguro, ya dai duba inda iska take kaɗawa, a kan maigidansa zai sauka. Kafin su yanke shawarar zagayawa ta bayan haikali, mun bi ta gonakin da aka girbe mun hau titi, kowacce da waya a hannu. Matan da tsoro ya hana su zuwa, zannuwansu ne suka tsare mana hanya. Ming ta rantse min rana kawai take nema wa wankinta, ni dai tun da nake ban taɓa ganin ta yi shanya a lungun nan ba. Ita suka kama maimakona, ta wuni a ofis tana ba su labarin fitsarin kwancen yarintarsu, da la'asar suka sallame ta don su huta.

A ƙofar kotu masu gadi suka ce mutum biyar kawai za su shiga. Sauran suka jeru a jikin shinge cikin rana, kore da rawaya tun daga ƙofa har kusurwa, masu wucewa suna tsayawa suna tambaya ko biki ake yi. Tagar ɗakin shari'ar tana kallon titi, kuma da idona na ga alƙali ya leƙa sau biyu. Aka shigo da Leakhena cikin kayan fursuna. Da ta ga zannuwanmu ba ta gane ba, sai da Mealea ta raɗa mata, ta sa hannu ta toshe baki. Ni kaɗai aka bari na yi shaida. Mai gabatar da ƙara ya ɗaga takardar ya tambaye ni ko yatsana ne, na ce nawa ne. Ya ce akwai wanda ya kama hannuna da ƙarfi, na ce babu. Ya ce na iya karatu, na ce na iya. Ya juya wajen alƙali yana murmushi, wai shi ke nan. Na ce ban gama ba. Na kama gefen zanina na ce ga abin da na dangwala wa yatsa, shi da farin magi da romon kifi. Magin mun cinye, romon ya ƙare, zanin ne ya rage, ga irinsa talatin ciki da waje in mai shari'a yana so ya duba. Na ce a kira magatakardan gunduma ya yi rantsuwar da aka sa ni na yi a gaban turare, ya ce shafin farkon nan yana nan ranar rabo. Na ce yarinyar nan a bayana ta yi wayo, wace uwa ce take kai ƙarar 'yarta don ta faɗi gaskiya? Alƙali ya buga tebur ya ce kotu ba ta shari'ar tufafi, in zauna. Na ce ai tufafin ne suka kawo ƙara. Aka fitar da ni waje, na je na shiga layi.

Bayan mako guda aka karanta hukunci, ruwan shayi ma ba zai tafasa ba kafin a gama: shekara ɗaya da rabi, a cire wata biyar da ta riga ta yi. Mun ɗaukaka ƙara. Amma Mealea ta nuna min wani abu. Duk cikin hukuncin ba a ambaci takardar mata hamsin da takwas ba ko sau ɗaya, ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Ƙarar Phalla kuma, da ta yi wata takwas tana barci, an sa mata rana bayan Sabuwar Shekara. Ba a yi kwana biyu ba sai ga takardar afuwar ta sake komawa kurkuku, da alƙawarin in ta dangwala za a dakatar da sauran hukuncin, ta kwana a gida cikin mako. Kai ba ka taɓa jin abin da ke ciki ba. Ni na karanta, wannan karon tun daga kai har ƙasa. Ba haƙuri kawai ake so ta bayar ba. An rubuta cewa abin da ta faɗa ƙirƙira ce, wasu ne suka zuga ta, kuma Phalla daga tsanin gida ta faɗo. Leakhena ce kaɗai ta ga itacen a hannun mutumin. In ta dangwala, Phalla ba ta da shaida, za a mayar da ita gidan da ta gudo, kuma ni da kai mun san karo na biyar ba asibiti za a kai ta ba.

Ranar Larabar da ta wuce na je ziyara da busasshen kifi da soyayyen prahok, daddawar kifin nan tamu, da ɗanyen mangwaro. Ta rame, Bong. Ƙuraje sun feso mata a wuya da hannuwa saboda zafi, sun fi arba'in a ɗakin, a gefe ɗaya ake kwanciya, in za a juya sai a juya tare. Duk da haka tana koya wa mata uku karatu a bayan kwalin sabulu. Muka tsaya, ragar ƙarfe biyu a tsakaninmu, kowa a wurin yana ihu don nasa ya ji shi. Ta ce min ta gaji. Ta ce wani lokaci tana jin ƙanshin miyar Mae a hancinta alhali babu. Sannan ta yi tambayar da na daɗe ina kauce mata: me Puk ɗinta, wato kai ubanta, ya ce? Duk zuwan da na yi a baya ce mata nake yi layi ba kyau, ba mu samu magana da kai ba. Wannan karon ta riƙe raga ta kira ni Ming, wato gwaggo, kamar yadda ta saba, ta ce, “Ming, kada ki yi min wasa da hankali. Shekara takwas yana daskarewa a ƙasar mutane saboda ni. In ya ce in dangwala, gobe zan dangwala, ba zan iya ɗaukar alhakin saɓa masa ba. Phalla ta yafe min.” Saura minti biyu a buga ƙararrawa. Saƙonka yana bakina, kalma bayan kalma. Na dubi yarinyar nan na ga in na faɗa za ta fito, kuma ba za ta ƙara iya kallon fuskarta a madubi ba. Sai na ji bakina yana cewa Puk ɗinki ya ce ki tsaya a kan gaskiyarki, ya ce bai haifi 'yar da za ta dangwala wa ƙarya yatsa ba, ya ce yana alfahari da ke. Ta kifa goshi a jikin raga ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun ranar da muka ƙona gawar uwarta. Washegari ta mayar musu da takardarsu fara.

To ka ji. Na yi ƙarya da sunanka, kuma ƙaryar ta ƙara wa 'yarka wata goma sha uku a wancan ɗaki. Na sani, ba sai ka lissafa min ba. Na je haikali na faɗa a gaban Buddha, in akwai sakayya a rayuwa mai zuwa ta same ni ni kaɗai. Na kuma san abin da za ka ce: me ya raba ni da magatakardan gunduma? Shi ya yi aiki da yatsana ban sani ba, ni na yi aiki da bakinka ba ka sani ba. Na tambayi kaina wannan har na gaji. Abin da ya raba mu ɗaya ne, ni ga shi na kawo maka komai ka karanta da idonka. Amma kada ka jira in ce na yi nadama, ban yi ba. Yanzu mun kai ashirin da shida a ƙarƙashin gidan Ming, benci ya yi kaɗan. Makon jiya aka zo rabon gidan sauro, matan garin nan suka tsaya a layi suka ce ba mai miƙa yatsa sai an karanta kan takarda da ƙarfi kowa ya ji, har da matar da ta ce min 'yarmu ba ta da kunya. Wannan aikin 'yarka ne, kuma ranar shari'ar Phalla muna kotu, ko da ita ko ba ita.

Takardar afuwar tana nan, sun ce ƙofa a buɗe take har ranar shari'ar, don haka magana ta dawo hannunka. Kosal ɗan Ming Sokhom da ke wajenku zai zo gida bikin Sabuwar Shekara, ka ba shi takarda da rubutun hannunka, ta san shi. In ka rubuta cewa Ming ɗinta maƙaryaciya ce, ta dangwala ta fito, na yi maka alƙawari zan kai mata a rufe, in tsaya a gaban raga ta karanta a kan idona. Ba zan ƙara ɓoye komai ba. In kuwa ka duba zuciyarka ka ga maganar da na ara a bakinka dama tana ciki, tsoro ne ya danne ta, to ka rubuta ta da hannunka ta zama taka. Ni ban manta ranar da babanmu ya dawo a buge ya ɗaga itace a kan Mae ba, kana ɗan shekara goma sha huɗu, ka shiga tsakani ka karɓa a kafaɗarka, har yau kafaɗar ba ta ɗaguwa sosai. Ina bayan randa ina kallo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Bong, ba daga sama Leakhena ta ɗauko halinta ba.

Mae tana gaishe ka, ta ce ka ci abinci mai zafi. Ba ta san zancen ƙaryar ba, in za ka yi faɗa ka yi da ni, kada ka kira ta. Ming Sokhom tana gaishe ka, ta ce in kai ma ka yi guru a can ka faɗa mata kafin ka dawo, don ta san inda za ta yi shanya. Bunthoeun da yara suna gaishe ka. Phalla ta ce in miƙa maka gaisuwarta da hannun da ya warke. Ka gaishe min da Kosal da matarsa Sreyleak, da duk 'yan garinmu da ke wajenku. Leakhena ma ta ba ni saƙo kafin a buga ƙararrawa, sai da ta maimaita sau biyu don kada hayaniya ta cinye shi. Ta ce in gaishe da Puk ɗinta, in ce masa ta gode, in kuma ce masa dama ta san haka zai ce.

Ƙanwarka da ba ta jin magana,
Romdul.